Muryata a wayar dillali

Har yau idan wani ya miƙo mini waya ya ce in ɗan faɗi alheri, raina ɓaci yake yi.

Ni ungozoma ce. Na daɗe a asibitin Belbeji kafin a mai da ni Tanut, kuma abin da na tara a can ba wani abu ba ne illa yarda. In na ce wa mace ta zo awo, tana zuwa, ko daga rugar da ke bayan Tarka ne, don ta san bakina ba ya faɗar abin da ba shi ba. Wannan yardar ce wani dillalin gidaje ya ɗauka ya yi talla da ita.

Da rani na iso Tanut, ban san kowa ba. Aka haɗa ni da shi, dogo mai fara'a, carbi a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Ya nuna mini gida a gangaren gari, ɗaki biyu da rumfa, an yi masa sabon yaɓe, sai ƙamshin ƙasa. Na karɓa.

Ranar tarewa sai ga shi da limamin unguwa da dattawa, wai a yi wa gida addu'a. Na ji daɗi, wallahi, na ce ga mutumin kirki. Ana shafa fatiha, hannuna bai gama sauka daga fuska ba, ya miƙo wayar daidai bakina.

"Malama, ki gaya wa jama'a yadda kika same ni."

A gaban liman? A gaban sa'o'in ubana da suka tako saboda ni? Ko kwana ban yi a gidan ba, amma wa zai buɗe baki ya ce a jira tukuna? Na ce mutum ne mai amana, gida mai kyau, Allah ya saka. Ya danna, maganata ta naɗu a wayar, ya sa a aljihu. Daga baya na gane haka yake yi wa kowa. Ba ya tambayar mutum sai a tsakiyar addu'a, kuma ba ya nuna wa baƙo gida da damina.

Ruwan farko mai ƙarfi ya nuna mini inda nake. Duk ruwan unguwa nan yake gangarowa. Ya shigo ta ƙofa, ya tsattsafo ta ƙasa, sabon yaɓen ya zube, sai ga tsohon tabon ruwa a bango har gwiwa. Ashe abin da aka rufe ke nan. Na kwashe kayana na koma wajen wata abokiyar aiki, sannan na nufi rumfarsa kusa da tasha.

"Ka goge maganata yanzun nan."

"Haba Malama, wuƙa na sa miki a wuya? Da bakinki kika faɗa, liman na zaune. Ruwa kuwa na Allah ne."

Ya goge a gabana yana murmushi, don ya san aikin banza ne. Saƙon ya riga ya bi waya zuwa waya, direbobi sun kai shi kasuwannin ƙauye. Na ɗauki wani sabo, na faɗi gaskiya tsaf, na tura wa duk wanda na sani. Ba wanda ya tura shi gaba. Wasu ma kira na suka yi, wai ba kyau a tona asirin magidanci, in yi haƙuri. Haƙuri! Yabon ƙarya kowa ya taya yaɗawa, da aka zo gaskiya sai kowa ya tuna kunya.

Cikin Agusta wata safiya aka ce bango ya faɗi a layin da na baro. Na je in ga ko an ji ciwo. A kan tabarma, tsakanin jiƙaƙƙun kaya, na ga wata tsohuwa da na sani sarai. Buzuwa ce daga wajen Belbeji, na taɓa karɓar haihuwar ɗiyarta, haihuwa mai wuya, tun ranar take ce mini ɗiyarta. Hawan jini ya matsa mata, ɗanta ya sayar da raƙumansa ya saya mata gida kusa da asibiti. Gidan ne rabinsa ke kwance a laka.

Na durƙusa na gaishe ta, na kasa ɗaga kai. Ɗan ya ce gidaje da yawa aka nuna musu, har da na kan tudu, amma da dillalin ya kunna mata saƙon muryata sai ta ce a daina yawo.

Na ce, "Inna, me kika ji na faɗa har kika yarda?"

Ta kama hannuna, ba ko alamar fushi a fuskarta, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

"Ɗiyata, Hausata kaɗan ce, ban gane abin da kika ce ba. Muryarki na gane."