Layin da Aka Jera Mukelabai a Gaba

Mukelabai Sitali masassaƙin kwale-kwale ne a Senanga, bakin kogin Zambezi, kuma da wuya ka sami masunci a yankinmu da bai taɓa tuƙa aikin hannunsa ba. Yana gab da cika tamanin wata ƙungiyar agaji ta kafa rumfa a harabar coci, tana yi wa maza gwajin jini kyauta domin gano sankarar da ke kama tsokar ƙarƙashin mafitsara.

Mu a nan ba a shiga gaban babba, a kwanon tuwo ne ko a layi. Saboda haka aka jera maza bisa shekaru: Mukelabai a gaba, ɗansa Lubinda mai shekara hamsin da huɗu can baya.

Imasiku, abokin wasan Mukelabai, ya ce, “Kai tsoho, me za su samu a jininka in ba giyar dawa ba?”

“Gara ni. Kai sai sun matse ka kamar tsumma kafin ɗigo ya fito.”

Ma'aikaciyar jinya ta faɗa wa jagoran tawagar cewa gwajin ya fi amfanar masu shekara hamsin zuwa sittin. Ya ce shi bai zo ɓata wa dattawa rai ba. Kayan gwajin suka ƙare kafin a kai ga Lubinda.

Sakamakon Mukelabai ya fito, adadin ya wuce kima. Ba wanda ya tsaya ya bayyana masa cewa tsufa kaɗai kan jawo haka, ko cewa wannan sankarar, in ta kama tsoho, sau da yawa tafiyar hawainiya take yi. Sun naɗe rumfarsu sun tafi. Ya ajiye gizagonsa yana jiran mutuwa, har Lubinda ya kai shi Lusaka aka tsakuri tsokar aka duba. Kumburi ne kawai.

A can likita ya tambayi Lubinda ko an taɓa gwada shi. Ya yi dariya ya ce, “Ai ciwon tsofaffi ne, likita. Ni ɗan rakiya ne.” Layin nan ne ya koya masa haka.

Bayan shekara shida ciwon baya ya kwantar da Lubinda. Sankarar ta riga ta shiga ƙashi, ita ce kuma ta yi ajalinsa. Ba zan ce gwajin zai cece shi ba, don likitoci ma ba sa yin wannan alkawari. Abin da nake cewa shi ne, dama ce da ta fi dacewa da shi, kuma waɗanda suka san haka suka zaɓi su yi ladabi.

Da ƙungiyar ta dawo, aka kawo wa Mukelabai kujera a gaban layi. Ya ture ta da sandarsa, ya dogara har bayan layi, ya kamo hannun ƙanen Lubinda.

“Baba, ai da kunya,” in ji ɗan.

“Kunyar na binne ta tare da yayanka. Wuce gaba.”