Lambar Sirrin Farkon Wata

Mijina ya yi shekarun aikinsa duka a ofishin ajiyar takardun sirri na wata ma'aikatar gwamnati, ni kuma mai buga tafireta ce a hawan ƙasa. A nan muka haɗu cikin shekarun saba'in, muka yi aure, muka kama hayar ciki da falo a Gyadi-Gyadi, lokacin da in ka leƙa ta katanga gonaki kake hange har wajen Darmanawa. Kowa Malam yake ce masa. Ni ma haka nake ce masa har yau.

A ofishinsu akwai wani ƙaton akwatin ƙarfe mai lamba, irin wanda ake murɗawa dama da hagu kafin ya buɗe. Ƙa'idar aikin ita ce, ranar aiki ta farko a kowane wata a canza lambar, a rubuta sabuwar a takarda, a sa a ambulan, a ɗiga jan danƙo a bakinsa a danna hatimi, a kai wa babban sakatare ya adana. Malam ne mai yin wannan. Ranar canjin lamba farar rigarsa ta guga yake sawa, kokon ma a tsaitsaye yake sha, ya hau babur ya tafi yana motsa baki kamar mai lazimi. Wata rana ina amarya na tsokane shi, na ce, "Malam, faɗa min ko lamba ɗaya mana, ta tsakiya ma ta isa." Wallahi kwana biyu daga sannu sai sannu. Ni da nake wanke rigar da ake zuwa canjin lambar da ita!

Bayan mun yi ritaya mun koma gidanmu na Tarauni, babban ɗanmu ya kawo wa Malam kwamfuta ƙarama, irin mai murfi, ya ce ya riƙa rubuta tarihinsa. Malam da yatsa ɗaya yake neman harafi, sai aikin ya faɗo kaina. Kullum da hantsi bayan shayi, shi yana kishingiɗe yana faɗa, ni ina bugawa. Ƙauyensu, mahaifinsa mai sayar da fata, shekarar da suka shigo Kano a bayan motar gyaɗa, malaman da suka karantar da shi, duk yana zubo su daki-daki. Shekara uku muna wannan. Wuyana ya ƙage, idona ya ƙara lalacewa, amma ban ƙi ba, don ni ma akwai abubuwan da ban taɓa ji daga bakinsa ba sai a wannan zaman.

Abu biyu kawai ya yarda ya koya a kwamfutar: kunnawa, da canza lambar sirri. Sau ɗaya ɗan namu ya nuna masa, ya ɗauke tsaf. Daga nan fa aka dawo da ofis cikin falona. Farkon kowane wata ya zauna ya canza, ya rubuta a takarda, ya liƙe ambulan da gam tunda babu jan danƙo, ya sa hannu a kan bakin, ya tura ƙarƙashin hulunansa a durowa. Ni kuwa mai bugawa ban san lambar ba. Shi zai buɗe, sannan ya tashi ya ba ni kujera. Na ce, "Malam, wa zai saci labarin mai fata?" Ya ce ƙa'ida ce. Na ce to bari in kwafe rubutun a filash in ajiye, don kwamfuta ba ta da amana. Ya ce ba a fitar da takarda daga ofis. Sabo turken wawa, na ce a raina, na ƙyale shi.

Sai mantuwa ta fara. Da fari ƙananan abubuwa ne, tabarau a cikin firji, gaida maƙwabci sau biyu a fita ɗaya. Daga baya ya fara tambayata ko ƙaninsa ya zo, ƙanin da muka yi zaman makokinsa da daɗewa. Duk da haka da hantsi in ya kishingiɗa labari yana zuwa, ko da a hankali. Amma duk farkon wata sai ya canza lamba. Na lallaba, na yi faɗa, na ce a bar lambar nan yadda take. Ya dube ni kamar na ce ya bar salla.

Ranar da abin ya faru, ya canza lambar jiya-jiya. Ya zauna ya danna, kwamfuta ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya goge tabarau ya sake.

"Hajiya, an taɓa min kaya."

"Wa zai taɓa? Daga ni sai kai a gidan nan."

"To ai shi ne."

Da aka kira azahar ya fita masallaci, na shiga ɗaki na ɗaga huluna. Ambulan sun fi talatin, a jere, kowanne da watansa. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, Allah shaida ne. Na zaro na sama na farke. Da kyakkyawan rubutunsa na ma'aikatan da, wanda har yanzu bai karkace ba, ya rubuta cewa an canza lamba a yau bisa ƙa'ida. Ya ja layi, ya sa hannu. Wurin da lambar za ta zauna fari fat. Na zauna a bakin gado na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, na share fuska na je na ɗora tukunya.

Kwana goma muna fama. Na sa shi ya gwada sunayen 'ya'ya, sunan ƙauyensu, lambar tsohon babur, lambar watan da ya wuce. Babu. Abin da ya fi gajiyar da ni, kowace safiya sabo yake zuwa wa abin. Ya zauna da ƙarfinsa, ya danna, ta ƙi, ya juyo ya ce an taɓa masa kaya, mu sake maimaita zancen jiya kalma da kalma. A kwana na takwas na gwada shi. Na ce, "Malam, tuna min yadda kuka shigo Kano da Baba." Ya kalli silin, ya ce, "A jirgin ƙasa ne, ko?" Wannan labarin shafi goma sha ya ba ni da bakinsa. Abin da ke cikin kwamfutar nan yanzu babu shi a kansa, kuma ni ban haddace ba, bugawa kawai na yi.

Ranar Alhamis bayan la'asar, yana ƙofar gida cikin 'yan majalisarsa, na naɗe kwamfutar a tsohon zani na sa ƙarƙashin mayafi, na fita ta gabansu ina cewa zan leƙa kasuwa. Shekaruna sun haura sittin, ban taɓa fita da kayan mijina a ɓoye ba sai ranar. Na tari adaidaita sahu zuwa shagon wani mai gyara kusa da kasuwar Tarauni. Dattijo ne shi ma, furfura ta fara cin gemunsa. Mahaifinsa ne yake gyara mana tafireta a da, shi ya gaji shagon ya koma kwamfuta.

Na ba shi labari. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce, "Hajiya, buɗewa ba wuya. Amma in na cire lambar ta ƙarfi, duk lambobin da ta ajiye a cikinta, na imel da sauransu, za su iya tafiya. Sai an sake neman su."

"Rubutun fa?"

"In ba a yi masa wani kulli daban ba, yana nan in sha Allah."

"Imel ya tafi, Allah ya raka taki gona. Buɗe."

Ya soka filash, ya kashe ya kunna, allo ya yi baƙi da ƙananan rubutu, yana dannawa yana amsa gaisuwar masu wucewa. Ni ina kan benci ina jan carbi, ban san ma me nake karantawa ba. Ko rabin awa ba a yi ba ya juyo min da ita. Ga takardar nan. Na buɗe, na gangara har ƙasa, komai yana nan. Na sa ya kwafe a filash biyu.

Sai ya ce, "To wace sabuwar lamba za a sa?"

Nan na tsaya. In na sa tawa, gobe Malam zai zauna ya danna ta ƙi, mu koma gidan jiya. In na faɗa masa, farkon wata ya canza, mu dawo shagon nan. Na tambaya ko ana iya barinta ba lamba, kuma a hana canzawa. Ya ce ana iyawa. Ya ɗora hannu a kan madannai, sannan ya dube ni.

"Maigidan ya sani kuwa?"

"Bai sani ba."

"Kayansa ne fa, Hajiya."

"Kowane harafi a ciki ni na buga shi. Kai dai yi abin da na ce."

Na faɗa da zafi, don na san gaskiya ya faɗa, kuma na gaji da gaskiya. Ya yi abin da na ce. Na dawo gida kafin magariba, na ajiye ta a kan teburi yadda take, har da daidaita waya.

Washegari da hantsi Malam ya sha shayi, ya gyara hula, ya zauna. Ina tsaye a bakin ƙofar kicin da kofi a hannu. Ya ɗaga murfi, ya danna. Ya ɗaga yatsansa ɗaya yana jira. Kwamfuta ta yi 'yar ƙararta ta wuce kai tsaye, ga hoton jikoki, ga takardarsa a gefe. Yatsan ya daɗe a sama.

"Ba ta tambaye ni ba," ya ce.

"An gyara ta, Malam. Ka ga rubutunmu duk yana nan, ko shafi ɗaya bai ɓata ba."

"Wa ya ba da izini?"

Na yi niyyar in ce ɗanmu ne, ko in ce ita ta gyaru da kanta. Zuwa azahar ai zai manta. Amma bakina ya ƙi.

"Ni ce."

Na zaci faɗa zai yi, har na shirya amsa. Bai yi ba. Ya dube ni, irin kallon da ya daɗe bai yi min ba, idonsa tar, ya san ni ya san abin da na yi. Ya rufe murfin a hankali, ya sa hannu biyu ya turo ta gefen teburin da nake. Ya miƙe, ya mayar da kujera mazauninta.

"To, an karɓi aiki ke nan," ya ce. "Allah ya taya riƙo."

Ya ɗauki carbinsa ya fita ƙofar gida.

Na ce a raina gobe zai dawo. Mutumin da zai ci tuwo ya wanke hannu ya tambaye ni yaushe za a ci abinci, ai wannan ma zai wuce. Gobe ta zo bai zauna ba. Farkon wata ya zo ya wuce, bai nemi ambulan ba. Sunayen jikoki sun zube, hanyar masallaci ma yanzu sai an raka shi, amma wannan abu ɗaya ya zauna daram, kuma wallahi har haushi yake ba ni.

Rubutun yana nan, a filash biyu da kuma a takarda, don na sa an buga an ɗinke. Ya tsaya a tsakiyar labarin ranar da aka haifi 'yarmu ta fari, Malam yana neman mota a bakin titin Zariya. Na kan ɗauko kwamfutar da hantsi in zauna kusa da shi, in ce, "Malam, mu ci gaba mana, ka samu motar ko ba ka samu ba?" Sai ya gyara zama, ya amsa min da ladabi kamar baƙuwa.

"Ki tambayi mai ofishin."