Karan da na bari a gona

Gonarmu tana kan hanyar Garbadu, ba nisa da Talata Mafara. Idan ka tsaya ƙarƙashin gawon da ke tsakiyarta kana jin kiran salla daga gari. Tun ina yaro na san mahaifina ba ya kwashe kara bayan girbi. Maƙwabta su ɗaure nasu su kai gida, shi kuwa ya bar nasa a kwance, ya kaɗe riga ya tafi. Ba ƙiwa ba ce. A wajenmu mai gona idan ya bar kara a kwance, ya ce wa makiyaya su shigo ke nan. Wanda bai so sai ya kwashe abinsa, ba faɗa ba gaba.

Wanda ke amsa wannan gayyata kowace kaka wani Bafulatani ne daga wajen Maradun, aminin mahaifina, muna ce masa Baffa. Yakan zo da garkensa su ci kara da ragowar harawa da 'ya'yan gawo, su kwana a gonar, yau nan gobe can, har kashinsu ya game ko'ina. Ranar da zai tashi a ba shi damin gero, mu kuwa mun riga mun sha nono har ya ishe mu. Damina na faɗuwa gero da dawa da wake su tashi tare, kowa ya ci, ƙasa ma ta ci. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce an cuce shi ba.

Mahaifina ya rasu, gona ta dawo hannuna. Ni malamin firamare ne, noma sai bayan an tashi daga makaranta, don haka na bi hanyar sauƙi irin ta kowa: takin buhu, maganin feshi, masara zalla. Ana cikin haka daji ya lalace. Aka shiga satar shanu, aka koma satar mutane, har mutanen gari suka daina bambanta Bafulatanin da ya yi sata da wanda aka yi wa. Baffa ya daina zuwa. Kara kuma ya zama abin sayarwa, masu kiwo a gida na rububinsa tun bai bushe ba.

Ƙasa ba ta ɓoye fushinta ba. Ta yi fari, ta yi tauri, ƙuduji ya cika gefen gabas, furensa gwanin kyau kamar ba shi ke kashe hatsi ba. Takin buhu kuwa tsadarsa ta kai sai dai ka tsaya ka gaishe shi a kasuwa ka wuce. Na kai kuka wajen wani malamin gona da muke salla a masallaci ɗaya. Ya ce in koma haɗa gero da wake, in bar tsiron gawo ya girma, kuma kada in ƙone kara ko in sayar, in bar shi a kwance ya kare ƙasa daga rana, gara ta ci ta mayar da shi taki. Na yi yadda ya ce. Wallahi gara kawai nake tunani. Ko kaɗan ban tuna cewa a ƙasarmu kara a kwance gayyata ce ba.

Wata safiya ina shirin fita makaranta sai ga wana a kan babur, ko sallama bai gama ba.

"Kai, shanun wa ke cikin gonakka?"

Na hau bayansa muka tafi.

Daga nesa na gane tsayuwarsa, sanda a wuya, hannuwa a rataye. Ya tsufa, ya rame. Garken da a da ƙarshensa ba ya ganuwa ya koma 'yan shanun da ido ɗaya zai ƙirga. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo: gida, iyali, gajiya, ruwa, dabbobi, haƙurin rashin mahaifina da bai samu zuwa ba. Ya ce ɓarayi sun kore masa sauran, sun kuma tashe su daga rugarsu.

"Na biyo hanya," in ji shi, "duk gonakkin an share su awa tahin hannu, sai wagga. Nic ce, Allahu akbar, ɗan aminina bai mance ba."

Me zan ce? In ce masa don gara na bari? Sai na ce, "Sannu da zuwa, Baffa. Gona taka ce."

Da muka hau hanya sai wana ya ce, "Ka sallame shi tun da rana. In 'yan sa-kai sunka ji, ba su tambaya tai ko shi wane ne. Kai kau a ce infoma kake."

Kalmar nan ta infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga labari, ta fi wuƙa kaifi a garinmu. Amma ba kaina na fi ji ba. Ni ina da gida da dangi da masu shaidata. Shi fa? Tsoho ne a fili, ba katanga ba ƙofa, kuma ni na jawo shi, ko da ban sani ba. Na ji tsoro ƙwarai. A aji ina rubutu a allo kunnena na waje, babur ya wuce da gudu sai alli ya tsaya a hannuna. Matata ta zuba mini ido ta ce, "Malam, tuwon ga bai yi maka laihi ba, ka ci."

Na je wajen mai unguwa. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi.

"Na san shi," ya ce. "Na sha nonon gidansa tun kana goye. Amma malam, bakina nika iya riƙewa, ba hannun mutane ba."

"To, ranka shi daɗe, in kore shi?"

"Ban ce ba."

"In bar shi?"

"Shi ma ban ce ba."

Irin wannan amsa ta manya, ka fito da kayanka a ka yadda ka shiga da su.

Sai na yanke shawarar abin da na iya. Tunda ɓoyo ke haifar da zargi, zan yi komai a fili. Kullum aka tashi makaranta sai in wuce gona in zauna da shi ƙarƙashin gawo, inda duk mai wucewa zai gan mu. Ranar kasuwa kuma na ɗaure damin gero a bayan babur, na ratsa ta tsakiyar mutane da rana tsaka, wanda ya tambaya in ce ladan takin Baffa ne, kamar yadda mahaifina ke yi. Wasu dattawa suka gyaɗa kai. Wasu kuwa gaisuwarsu ta gajarce, daga "lahiya lau" ba ƙari.

Baffa ya dubi damin ya yi dariya. "Kai ɗan boko, gaggawa. Ba a amsar dami sai taki ya game gona. Aje shi nan."

Na jingine shi a gindin gawo. Na nuna masa gefen gabas inda ƙuduji ya fi yawa, ya mayar da makwancin shanun can.

Bayan 'yan kwanaki muna zaune da la'asar sai ga wasu samari sun tsaya a bakin gona, biyu da bindigar toka a kafaɗa. Har da wanda na koyar a aji. Na yi musu sallama da ƙarfi, na kira shi da sunan ubansa. Ya amsa a ciki, ya kau da kai. Ba su shigo ba, ba su kuma tafi da wuri ba. Baffa bai ɗaga ido ba, yana ta gyaran igiyar ɗan maraƙi.

"Gobe zan koma wajen mai unguwa," na ce masa.

"Allah shi kai mu," in ji shi.

Da safe na tarar da gona ba kowa. Toka ta huce a murhunsa, sawun shanu ya yi arewa, wajen Bakura. Gefen gabas ya yi baƙi da taki, sauran gonar tana nan fara yadda take. Damin gero kuma yana jingine a gindin gawo, ko zangarniya ɗaya bai zara ba.

Da damina ta zo, geron gabas ya fi ni tsayi, ganyensa har baƙi-baƙi yake yi, ƙuduji sai ɗai-ɗai. Daga inda shanun suka tsaya kuwa sai ka ga kamar an ja layi. Masu wucewa suna tambaya wane irin taki na sa, har da uban yaron nan da na koyar. Na gaya musu. Suka ce Allah Sarki, suka wuce. Na yi cigiya a kasuwar Bakura, na sa an tambaya a Damri, ba wanda ya gan shi, kuma cigiyar Bafulatani ma yanzu ba a yin ta da murya sama.

Bana na sake barin kara a kwance, wannan karon da sanina. Kowace safiya nakan doshi gonar. Ina roƙon Allah in hango shanu, kafin in kai gawo kuma ina roƙon kada in gan su.

Damin yana cikin rumbu, na ware shi gefe guda. Da bazara hatsinmu ya ja baya, matata ta leƙa ta ce, "Malam, ga wani dami can, in sa a sussuke?"

Na ce ta bar shi, ba namu ba ne.