Gyaran da Tela Ya Ƙi Yi

Tela bai taɓa ce wa mai kaya a'a ba. Ka kawo riga ka ce a rage hannu, ya rage. Gobe ka dawo ka ce ai ya yi gajere, ya ɗauki reza ya warware, yana ba ka haƙuri kamar shi ya yi laifin. Haka ya tsufa a ɗan shagonsa mai ƙofa ɗaya, tsakanin keken ɗinki da tarin ƙyallaye, da alli maƙale a bayan kunne. A wurin ɗinki, wannan hali sunansa kirki. A wurin rubutu kuwa, saura kaɗan ya kashe masa littafi.

Don Tela yana rubutu. Da aiki ya lafa sai ya ture yadi gefe, ya jawo takardu ya duƙufa. Labari ɗaya yake bi tun gashinsa na baƙi: wani magidanci ya fita da safe neman aiki, ya bar mace da 'ya'ya biyu, daga nan shiru. Magidancin nan mahaifinsa ne, kuma Tela shi ne ƙaramin 'ya'yan. Burinsa bai wuce ya kai labarin ƙarshe yadda ya faru ba, ko ya samu ya sauke abin da ke danne masa ƙirji.

Kuskurensa shi ne karanta wa 'yan benci. Akwai wani dogon benci a ƙofar shagon, inda Mai Faci da Kafinta ke yini in ba ciniki. Mutanen da ko takardar magani ba sa karantawa har ƙasa, su ne suka zama alƙalan littafi!

"Haba Tela, ka bar bawan Allah a tasha haka?" in ji Mai Faci. "Sa shi a jirgin ruwa mana."

Ya sa shi a jirgin ruwa.

"Ina matar nan mai shago da ka wuce a baya?" in ji Kafinta. "Ni fa ta burge ni. A dawo da ita."

Ya dawo da ita. Kai, har kurkuku sai da aka kai magidancin, ya fito ya yi arziki, ya tsiyace, ya sake yi. Takardu suka cika kwalin zare har suka tumbatsa. Matar da 'ya'yan kuwa suna can inda aka bar su, babi bayan babi ba wanda ya ko leƙa su.

Abin haushin, waɗanda suka ja labarin su ne suka fara hamma. Ran nan Mai Faci ya yi miƙa ya ce, "Wai littafin nan ba ya ƙarewa ne? Mayar da mutumin gida kowa ya huta."

Tela ya ji abin har cikin ransa, amma bakinsa bai iya musu ba. Ya zauna ya dunƙule komai a shafi biyu: magidanci ya dawo cikin mota, ya yi kuka, aka yafe masa, gida ya cika da dariya. Yana cikin karanta musu, suna ta gyaɗa kai, sai ga Yaya ta iso da zanen da take so a kalmashe mata. Ita ce yayarsa, ita ta ƙarasa rainonsa bayan rasuwar Inna. Ta tsaya a bakin ƙofa har ya kai aya, ta cika ta yi fam.

"Auta," ta ce, "wa ka dawo da shi?"

"Yaya, labari ne kawai."

"Labarin wa? Ni za ka gaya wa labari? Inna ta ƙare rayuwarta tana hana mu sa sakata, wai kada Baba ya zo ya tarar da ƙofa a rufe. Duk motsin da aka yi a waje sai ta miƙe. Ran da muka binne ta, ni na tashi da hannuna na sa sakatar nan, kana kallona. Shi ne ka yi ta yawo da shi ƙasa-ƙasa, mu ka bar mu tsaye, sannan ka turo mana shi a mota mu yafe a layi uku?"

Kafinta ya yi gyaran murya. "Ai Hajiya, mai karatu yana son..."

"Kai kuma wa ya sa da kai? Ubanka ne ko nasa?"

Yaya ta dangwarar da zanen a kan keke ta fita.

Ran Tela ya ɓaci, irin ɓacin da bai saba ba. Haushin 'yan benci yake ji, amma haushin kansa ya fi. Ya jawo kwalin ya fitar da jirgin ruwa, ya fitar da mai shago da kurkuku da mota, ya watsa su cikin ƙyallaye. Abin da ya rage ɗan siriri ne. A rubutun, ya koma cikin gidan ya zauna da matar da 'ya'yanta, ya bar kwanakin jiran su tafi a hankali yadda suka tafi musu. Ya rufe da yarinyar tana tashi tana tura sakata.

Da Yaya ta dawo karɓar zanenta, ya karanta a gabanta da gaban 'yan benci. Mai Faci ya yatsina fuska.

"Shi ke nan? Bai dawo ba? Haba, a ɗan gyara mana."

"Wannan ba a gyara shi," in ji Tela.

Suka kalli juna suka tashi suna gunaguni, ko kallonsu bai yi ba. Yaya ta zauna a kan bencin da suka bari, ta goge ido da bakin mayafi.

"Auta," ta ce, "sake karanta mini wurin sakatar."