Gwaggo Doreen da Neman Joseph na Biyu

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, da hantsi, Allah ya yi wa Gwaggo Doreen Thackray rasuwa a gidanta da ke garin Otley a Ingila, tana da shekara tamanin da ɗaya. Ƙanenta Keith ne ya kira ni ina ofishinmu na tashar bas. Shekara ashirin ke nan ina rubuta abin da ya faru kowace rana a ɗan littafina, amma a shafin wannan rana layi ɗaya na iya: "Gwaggo ta tafi, ban yi abin da ta sa ni ba."

Gwaggo, ba ciki ɗaya kuka fito da mahaifina ba. Sai an koma kaka na shida muke haɗuwa, ke kika nuna mini a takarda. Na fara zuwa wurinki ranar Asabar, 14 ga Nuwamba, 2015, bayan rasuwar mahaifina, da tambaya ɗaya: mene ne ma'anar sunanmu, Thackray? Ba ki amsa a ɗaki ba. Kika sa ni a tsohuwar motarki muka tafi bakin dam ɗin Fewston, ana yayyafi, kika nuna ruwan da sandarki.

"Ga garinku can ƙasa. Gaida kakanninka."

A nan kika bayyana mini cewa sunan ya fito daga harshen mutanen arewa da suka ƙetaro teku suka zauna a ƙasar nan tun da daɗewa, ma'anarsa lungun da ciyawar jinka take fitowa. Ɗan wuri ne mai wannan suna, mutanensa suka ɗauke shi suka tafi da shi. Wasu suka gangara Leeds da Bradford aikin masaƙa, wasu suka hau jirgin ruwa. Daga baya aka tare kwarin don birni ya sami ruwan sha, wurin ya nutse, sunan ya ci gaba da yawo.

Shekara arba'in kina bin sawunsa. Duk wani Thackray da kika samu a littafin coci, ko a jikin kabari, ko a takardar ƙidayar jama'a, yana da katinsa a kwalin takalmi. Duk wanda ya rubuto miki kin amsa masa da hannunki. Ina nan lokacin da wani dattijo da ya tashi a gidan marayu ya zo neman mahaifiyarsa. Wata takwas kina nema. Da kika gano kabarinta ba ki aika masa wasiƙa ba, da kanki kika raka shi, kika tsaya nesa da butar shayi har ya gama kukansa.

Ƙa'idarki ɗaya ce: duk yaron da aka gani a littafin baftisma, sai an duba littafin binne matattu kafin a ɗora masa aure da 'ya'ya. Na ji wannan a bakinki ya fi sau ɗari. Na rubuta shi a littafina, na ja masa layi. Duk da haka ni ne na karya ta.

Shekara biyu da suka wuce wata mata mai suna Carol ta rubuto daga tsibirin Tasmania, can bayan teku, a madadin mahaifinta Len. Sun san kakansu Joseph Thackray ya sauka can daga Ingila, ba su san daga wane gida ba. Idonki ya fara rauni, kika miƙa mini aikin, shi ne na farko da kika sakar mini ni kaɗai. Na sami Joseph ɗan Thomas da Hannah, an yi masa baftisma a 1791. Shekarun sun kusa dacewa. Murna ta ɗebe ni, na aika musu a ranar. Suka buga ɗan littafi suka raba wa dangi, suka yanki tikitin zuwa taronmu na dangi da za a yi a watan Yunin bana, don tsohon ya tsaya a bakin ruwan nan kafin ƙasa ta rufe masa ido.

Ranar Alhamis, 20 ga Fabrairun bana, na same ki a kujera, bargo a gwiwa, gilashin ƙara girman rubutu a hannu.

"Zauna, sarkin bincike. Joseph ɗinka shekararsa nawa ya hau jirgi?"

Na faɗi lissafina.

"Ashe jarumi ne. An binne shi yana da wata goma sha huɗu, ya tashi ya tafi Tasmania ya haifi bakwai."

Kika tura mini hoton shafin littafin binne matattu. Na karanta sau uku. Na ce, "Gwaggo, tsohon nan shekararsa casa'in da ɗaya. Ko mu bar shi da abinsa?"

"Mu bar shi da kakan aro? Kai da shayinka ke hucewa kafin ka yanke shawarar zuba sukari, rana ɗaya ka yi gaggawa ka jawo mana. Ka kira su. Sannan ka koma ka karanta gaba. Mutanen da, in ɗa ya rasu sukan mayar wa na bayansa sunan. Wataƙila Hannah ta sake haihuwar Joseph. Wataƙila kuma ba ta yi ba. Ci kek ɗinka."

Ban kira su ba, Gwaggo. Littafina shaida ne: kwana goma sha tara ina rubuta "gobe". Kika tafi ban kira ba.

Washegarin jana'izarki da safe na ɗauki waya. Carol ta saurare ni har na gama.

"Bawan Allah, so kake in je in ce wa Baba kakan da ka ba shi jariri ne? Littafin nan a gefen gadonsa yake kwana. Ni ba zan iya ba. Ga shi, faɗa masa da bakinka."

Na faɗa masa. Sannan ya ce, "To, yaro, ka nemo mini nawa. Kada ka daɗe, ba ni da shekarun jira."

Keith ya ba ni kwalayenki, suna ɗakina. Ban san ko na cancanci riƙe su ba, har yau ina tambayar kaina. Amma na karɓi hutun kowace Alhamis, ina zuwa ofishin adana tsofaffin takardu. Na karanta littafin cocin daga 1792 zuwa 1795, haihuwa da mutuwa, layi bayan layi. Na sami Mary, na sami Thomas ƙarami. Babu Joseph tukuna. Saura shekara biyar a littafin, rubutun ya dushe, wani wurin laima ta ci shi. Zan karanta su duka. In babu shi a nan, zan bi cocin ƙauyukan da ke kewaye ɗaya bayan ɗaya. Ranar 21 ga Yuni zan tsaya gaban Len da dangi in faɗi abin da na gani da abin da ban gani ba, in kuma faɗi wanda ya yi kuskuren.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Keith da iyalinsa, da maƙwabtanki na Otley, da duk masu wannan suna na kusa da na bayan teku, Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Ubangiji ya jiƙanki, Gwaggo, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutawa. Ya jiƙan Thomas da Hannah, da ɗan jaririnsu da na ɗora wa zuriyar da ba tasa ba. Ya kuma ara wa Len kwana har in je masa da amsa. Amin.