San Iya da ya ƙi tsayawa

"Bash, taka igiyar nan mana, iska za ta tafi da tantin!"

Tunde ne yake min ihu, abokina tun firamare. Bayerabe ne amma haihuwar unguwarmu Agege ta Ikko, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Na taka igiyar, ya buga ƙusa ta ƙarshe a cikin yashi, sannan muka zube muna haki.

Tun bayan asuba muka bar Ankara, babban birnin Gana, a motar yayansa, muka miƙi titin bakin teku. Wani wuri ruwan ya ɓace bayan itatuwan kwakwa, wani wuri ya dawo dab da titi kamar zai shigo motar. Bayan Takoradi kwalta ta ƙare. Muka bar motar a wani ƙauyen masunta, muka goya jaka, muka taka kusan awa biyu cikin daji da hawa da gangara. Takalmina na gayu ne, ya ci min dunduniya. Amma da muka ɓullo bakin ruwan, ba kowa sai mu da ƙaguwa, wallahi na yafe wa takalmin.

Na yi magariba, Tunde ya hura wuta ya ɗora kifin da muka saya a ƙauyen. Wutsiyar ɗaya ta ƙone. Ƙaurin nan yana bugun hancina sai ga ni a tsakar gidanmu, ina ɗan shekara bakwai.

Kakata, Iya muke ce mata, farfesun ƙafar saniya take sayarwa a bakin layin dogo. Da la'asar a kawo mata ƙafafu daga abbatuwa cike da baho. Da magariba ta hura wuta ta yi babbaka, mu jikoki biyar mu kewaye ta, kowa da 'yar wuƙarsa marar kaifi, muna kankare baƙin. Aiki ne mai ban haushi, ga hayaƙi ga sauro, ga yaran unguwa ana jin su suna buga ƙwallo a waje. Amma ba mai guduwa, saboda labari.

Ita ba ta da wata doguwar buɗewa. Sai dai ta dube mu ta ce, "Kowa wuƙarsa na hannu? To, Jatau dai yana tafe."

Jatau mai koro shanu ne daga arewa, da ƙafa, har Ikko. Duk shanun suka shiga kwata ban da wani baƙin sa mai farin goshi, wanda shi ya rene shi tun yana ɗan maraƙi. San ya jiyo ƙamshin ruwa, ya tsinke igiya, bai tsaya ba sai bakin teku. Bai taɓa ganin ruwa mai yawa haka ba. Ya sa baki, ya ji gishiri, ya girgiza kai. Sai ya ce a ransa, ruwa mai girma haka dole akwai inda yake da daɗi. Ya juya yamma ya bi gaɓa. Jatau ya saɓa sanda ya bi sawunsa.

Duk garin da Jatau ya isa sai a ce masa jiya-jiya san ya wuce. A Kwatano wata mai dafa gishiri ta ce ya ture mata tukunya. A Lome masunta suka ce ya taya su jan koma har suka ba shi masara. A Ankara yara suka hau bayansa. Ko'ina kuma sai ya ɗanɗana ruwan, ya girgiza kai, ya yi gaba.

In hannuna ya tsaya saboda sauraro, Iya ba ta ko dubana. "Maigida, kunne ne ke ji, ba hannu ba. Mijin da ba ya kankara ai sakinsa zan yi." A yi ta min dariya. Da zarar ƙafar ƙarshe ta faɗa ruwa, ko a tsakiyar magana take, sai ta ce, "Jatau ya gaji, ya kwanta. Ku ma haka."

Na ba Tunde labarin nan yana cire ƙayar kifi. Da na kai inda san ya isa Ankara sai labarin ya ƙare min.

"Sai me ya faru?"

"Ban sani ba."

"Kai, oga, ka ja ni ƙasa uku kan sa ɗaya ka ce ba ka sani ba? Kira ta mana."

Iya tana nan da rai, amma tun bara kanta ya fara rikicewa. Wata rana ta san ni, wata rana ta kira ni da sunan babana da ya rasu. Na yi shekara goma sha wani abu ina wucewa ta ƙofar ɗakinta da sauri, "Iya sannu, na makara," ban taɓa zama na tambaye ta ba. In ƙarshen labarin nan yana wani wuri, a kanta kaɗai yake, kan kuma yana zuba.

Ba netwok a bakin ruwan. Na haska fitilar waya na hau wani tudun duwatsu sai da sanda biyu ta fito. Ƙanwata Hauwa ta ɗauka, ta ce yau da sauƙi, Iya ta ci tuwo har ta yi wa mai awara faɗa. Ta kara mata wayar.

"Maigida, ina ka shiga? An ce ka bi duniya da ɗan Yarabawan nan."

"Muna Gana, Iya, bayan Takoradi. Tambaya gare ni. San Jatau, a ina ya tsaya?"

Ta yi dariya har da tari. "Ya tsaya? Da ya tsaya wa zai kankare min ƙafa?"

Ashe ita ta ƙirƙire shi, kullum a bakin wutar nan. Sunayen garuruwan a bakin masu goro take tsinta in sun zo shan farfesu. Su kuma Ankara ce iyakarsu, shi ya sa san bai taɓa wuce nan ba. Ita kanta, shekara hamsin a Agege, sau biyu ta ga teku.

"Yanzu kana kusa da ruwan?" ta ce.

"Ga shi nan ina jin sa."

"Ɗanɗana min."

Na gangara gefen dutsen inda igiyar ruwa ke fantsama, na tara hannu na lasa.

"Gishiri ne, Iya."

"To gaba ya yi. Kai da ka wuce ni, in ka dawo kai za ka ba ni sauran." Daga nan ta kira ni da sunan babana, ta ce in rufe ƙofa kar awaki su shiga. Hauwa ta karɓi wayar.

Na daɗe a kan dutsen kafin na sauko. Da ina yaro na ɗauka Iya nishaɗi take ba mu kyauta. Da na ji dariyarta ɗazu na ce to, wayo ne, aiki take sa mu. Yanzu ina ganin ba wannan ba ne kaɗai. Mace ce da baho ɗaya da jikoki biyar, ta gano yadda za ta zaunar da mu kusa da ita kowace yamma, mu ci daga guminmu ba tare da mun ji nauyinsa ba. Da muka girma labarin bai ƙare ba, mu ne muka daina zuwa.

Ran Asabar za mu koma. Na gaya wa Hauwa ta sayi ƙafa huɗu ta nemo itace. Ban san ko Iya za ta gane ni ranar ba, amma zan zauna da wuƙa a hannu. Matsalar ɗaya ce, har yanzu ba ni da sauran labarin. Tunde ya ce in bar san ya sami ruwan daɗi kowa ya huta. Ni kuma ina tsoron in ya samu, shi ke nan an tashi.

Da ku ne za ku zauna gabanta, za ku tsayar da san nan ko za ku bar shi ya yi gaba?