Hular Buta Mai Rufi Biyar

Duk wanda ya san Doreen Sugden a garin Keighley, can ƙasar Turawa, ya san ta da allurar saƙa a hannu. Tun tana budurwa take aiki a masaƙar ulu, har ranar da aka rufe masaƙar aka sallame su ba ko na gode. Miji ya rasu. 'Yarta tilo, Hazel, ta tafi Japan koyarwa, ta yi aure can, ta zauna. Abin da ke cin Doreen a rai shi ne babu ko tsinke nata a gidan 'yar. Hotuna na zuwa, ta sa tabarau ta bi su lungu-lungu, ba ta ganin komai na gida.

Sai ta ƙudura saƙa musu hular butar shayi, irin wadda kowace uwa a layinsu ke kifa wa buta kada shayi ya huce kafin a taru. Amma ba irin ta kowa ba, kada surukai su raina. A wani hoto ta ga hasumiyar ɗakin ibada mai rufi biyar, kowane rufi bakinsa ya ɗaga sama. Ta ce ita za ta yi.

Wahala kam ta sha ta. Ulu ba katako ba ne, rufin sai ya langaɓe. Ta warware, ta ninka zare, a ƙarshe ta zura siririyar waya a gefuna. Yatsunta masu sanyin ƙashi suka kumbura.

"Doreen, buta za ki rufe ko bene kike ginawa?" in ji Mavis maƙwabciyarta.

"Sha shayinki, uwar gulma. Ke da ko safa ba ki iya ba."

Da Hazel ta zo hutu da mijinta Noboru, Doreen ta kawo buta sanye da hular ta dire a tsakiyar tebur. Noboru ya rusuna, ya yaba, ya shafa rufin da yatsa. Mutumin kirki ne, ba za a ɗauki alhakinsa ba.

A kicin Hazel ta ce, "Mama, ta yi kyau, amma butarmu ba ta fi dunƙulen hannu ba, mariƙinta kuma a gefe yake."

"Sai in rage ta."

"Ba girman ba ne. Can ba a barin shayi a buta. Ana zuba ruwa a tsiyaye shi tas, in ya jima ɗaci yake yi."

"To wanda ya makara fa?"

"A dafa masa sabo."

Haushi ya zo wa Doreen har wuya, kuma na kanta ya fi yawa. Duk hunturu tana saƙa, ba ta taɓa tambayar yadda 'yarta ke shan shayi yanzu ba. Ta ce, "Ki dai tafi da ita, ko don ado."

"Akwati ya cika, Mama. Ajiye mana, in mun dawo ma yi amfani da ita."

"Yaushe ke nan?"

Hazel ta buɗe famfo, ta hau wanke kofunan da tuni an wanke su.